Siliniyom, ƙwayoyin gado da ciwon daji: inda lissafin ya ƙi fita

Kwanakin baya a wani kantin magani na ga wani dattijo yana jujjuya wata 'yar kwalba a hannu, yana tambayar mai kantin ko da gaske ƙwayoyin siliniyom da ke cikinta suna kare namiji daga kansar furostet, wato ƙaramar gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsara. Mai kantin ya ce masa ƙwarai kuwa, ya naɗe masa ita a leda. Ban sa baki ba, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin bincike bai bayar da amsa mai sauƙi haka ba.

Siliniyom sinadari ne da Jöns Jacob Berzelius ya gano a Suwidin a 1817. Jiki yana buƙatar ɗan kaɗan ne ƙwarai, kimanin maikurogiram 55 a rana ga baligi bisa ma'aunin Amurka, kuma yana amfani da shi wajen gina wasu furotin da ƙwayoyin gado 25, wato tsarin halittar da mutum ke gada daga iyaye, suke sarrafawa. Daga cikinsu akwai GPX1, wanda ke share gubar da ke taruwa a ƙwayoyin halitta kafin ta lalata su, da SELENOP, wanda hanta ke haɗawa domin ya yi dakon siliniyom zuwa sauran gaɓoɓi. Tunda lalacewar ƙwayoyin gado ce tushen ciwon daji, ba abin mamaki ba ne da masana suka sa rai cewa nan rigakafi yake.

To, amma ba kowa ne ya gaji waɗannan furotin iri ɗaya ba. A GPX1, alal misali, akwai mutanen da tubali na 198 a jerin ginin furotin ɗinsu furolin ne, wasu kuma lusin ne, kuma gwajin da aka yi a ɗakin bincike ya nuna cewa furotin mai lusin ba ya ƙara kuzari yadda ya kamata idan an ƙara masa siliniyom. Wasu nazarce-nazarce sun danganta wannan nau'in da kansar huhu da ta mafitsara da ta mama, wasu kuwa da aka yi a kan wasu al'ummomi ba su ga komai ba. A inda aka ga alaƙar ma, ƙarin haɗarin ƙanƙani ne, bai kama ƙafar abin da shan taba ke jawowa ba. A ganina wannan saɓanin yana da dalili: ƙwayar gado ba ta aiki ita kaɗai, sai da abin da aka ci, abin da aka ci kuwa daga ƙasar da aka noma shi yake ɗauko siliniyom ɗinsa. Ƙasar yankin Keshan na Sin ta yi ƙarancinsa har wani ciwon zuciya mai alaƙa da wannan ƙarancin ya ɗauki sunan wurin, Finland kuma tun 1984 ta yanke shawarar zuba shi a takin zamani. Mutum biyu masu gado iri ɗaya, ɗaya a can ɗaya a nan, ba lallai ne sakamakonsu ya zo ɗaya ba.

Manyan gwaje-gwaje biyu sun fito da wannan fili. A 1996 Larry Clark da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon gwajin da suka yi wa mutum 1,312 a Amurka, inda aka riƙa ba rabinsu maikurogiram 200 kullum. Kansar fata da suka nufa ba ta ragu ba, sai dai ta furostet ta ragu sosai, musamman ga waɗanda tun farko siliniyom ɗin jininsu ya yi ƙasa. Wannan ne ya sa aka fara gwajin SELECT a 2001 da maza fiye da 35,000, amma aka dakatar da shan ƙwayoyin a 2008 saboda babu wata kariya da aka gani. Da aka sake tantance bayanan, sai aka tarar cewa mazan da tun farko suke da siliniyom mai yawa a jikinsu, ƙarin da aka ba su ya ɗaga haɗarin kamuwa da nau'in kansar furostet mai tsanani.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin waɗannan nazarce-nazarcen gado a kan Turawa aka yi su, alhali kansar furostet ta fi addabar maza 'yan asalin Afirka, kuma yawan masu ɗauke da kowane nau'in gado ya bambanta daga wata al'umma zuwa wata. Saboda haka ban yarda a ɗauko sakamakon can a ɗora wa dattijon nan kai tsaye ba. Kifi da ƙwai da nama da hanta suna bayar da siliniyom, idan kuma ya wuce maikurogiram 400 a rana na tsawon lokaci, gashi na iya zubewa, farce ya riƙa karyewa, numfashi ya ɗauki warin tafarnuwa.