Bidiyon da ya ragu amma ya ƙi buɗewa

Darussan da na ɗauka da kyamara sun kusa cinye rumbun ajiyar kwamfutata, balle a yi maganar tura su ta imel, tunda Gmail ba ya karɓar fayil ɗin da ya wuce megabayit 25. Sanya su cikin ZIP bai rage wani abin a zo a gani ba, domin bidiyo tun daga kyamara a matse yake fitowa. Sai na koma ga HandBrake, manhajar matse bidiyo, na zaɓi tsarin matsewa na H.265, wanda aka san shi da riƙe inganci irin na tsohon tsarin H.264 a nauyin da wani lokaci kan yi kusan rabin nasa. Kwamfutar ta kwana tana aiki, fankarta na ta ƙugi, da gari ya waye fayilolin sun ragu ƙwarai, hoto tas, rubutun kan allo yana karantuwa. Cike da murna na tura wa kowa.

Ba a jima ba ƙorafi ya fara shigowa. Wani ya ce muryata kawai yake ji, fuskar wayarsa baƙi ƙirin. Wata ta ce nata yana tafiya yana tsayawa har wayar ta ɗauki zafi a hannunta. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a kwamfutata komai lafiya lau yake, don haka babu ta inda zan hango matsalar kafin ta faru.

Ashe H.265, wanda ya fito a 2013, yana buƙatar na'urar da aka ƙera da ikon warware shi, kuma tsofaffin wayoyi da kwamfutoci da dama ba su da wannan ikon. Ko a Windows 10, sau da yawa sai an ƙara wata manhaja, ko a nemi manhajar kallon bidiyo ta VLC, kafin ya buɗe. Shi kuwa H.264 tun 2003 yake, da wuya a sami na'urar da ba ta gane shi. Abin takaicin kuma, dukansu suna iya fitowa da sunan MP4, saboda haka sunan fayil ba ya nuna wa mutum abin da ke cikinsa.

Alhamdu lillahi ban goge na asali ba. Da daga waɗanda aka matse zan sake aikin, da hoton ya dishe, domin kowace matsewa tana zubar da wani ɓangare na bayanan da ba ya sake dawowa, kuma ƙananan rubuce-rubuce ne ke fara lalacewa. Na maimaita aikin gaba ɗaya da H.264, na sa RF, wato ma'aunin ingancin hoto na HandBrake, a 22, na sauke girman hoton zuwa 720p ga masu kallo a waya. Fayilolin sun ɗan fi nauyi, amma babu wanda ya sake kuka.

Yanzu kafin in matse dogon bidiyo, ina yanke minti ɗaya daga cikinsa in tura wa mai wayar da ta fi tsufa ya gwada. Idan ta WhatsApp zan tura, a matsayin takarda (Document) nake haɗa shi, don kada manhajar ta sake matse shi. H.265 na bar shi ga ajiyar kaina kaɗai, kuma har yau raina yana sosuwa idan na ga ana yabon ƙarancin nauyinsa ba tare da an ambaci na'urorin da ba za su iya buɗe shi ba.