Daga Barcelona: Jan-baki a Aljihun Rigar Aiki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida,

Ina gaishe ku daga Barcelona. Yau ba hirar ƙwallo na kawo muku ba, ko da yake akwai ɗan ƙwallo a cikin zancen.

A gidan wanki da guga da nake aiki, ina da wata abokiyar aiki 'yar Kolombiya. Shekararta tara da wani mutum da ke bincika wayarta kowane dare, shi ke zaɓa mata rigar fita, albashinta ma a asusunsa yake sauka. Irin wannan zama a nan "tóxica" suke ce masa, wato mai guba. Da Allah ya raba su, abin da ta fara saya jan-baki ne. Ta zaro shi daga aljihun rigar aiki ta nuna min, kai ka ce zinariya ta tsinta. Tun ranar wayarta na gefen teburin guga, Shakira na ta rerawa.

Kun san Shakira, wadda ta yi waƙar kofin duniya na 2010 a Afirka ta Kudu. Shekara 11 ta yi da Gerard Piqué, tsohon mai tsaron bayan ƙungiyar Barcelona, da 'ya'ya biyu a tsakaninsu, suka rabu a watan Yunin 2022. A Janairun 2023 ta saki waƙa tare da Bizarrap, makaɗin nan ɗan Ajantina, garin nan ya ɗauka. Habaici ne tsagwaronsa ta yi wa Piqué. Ta ce ya ba da agogon Rolex ya karɓi Casio, ya musanya Ferrari da Twingo, ya kuma bar ta maƙwabtaka da uwarsa, ga 'yan jarida a ƙofar gida, ga bashin haraji. Shi kuwa gogan sai ya tuƙo Twingo ɗin ya fito bainar jama'a, wai ko a jikinsa.

Da farko dariya na yi. Na ce ai wannan waƙar daka ce, irin wadda kakata ke yi wa kishiyarta da taɓarya a hannu. Sai dai ita kakata, in an gama daka, tuwon nan dai maigidan za a kai wa.

Abokiyar tawa ce ta gyara min zama. Ta ce ita ba agogo ko mota ya dame ta ba. Baiti ɗaya ne nata, inda aka ce mata sun daina kuka, yanzu "facturan" suke yi. Ma'anar kalmar ita ce ki rubuta takardar kuɗin aikinki, da sunanki a kai, a biya ki. Ranar da ta ga sunanta shi kaɗai a jikin katin banki, in ji ta, sai da ta zauna a bakin titi ta yi ta kallonsa. Rabin baitin nan ne Shakira ta raɗa wa kundinta na 2024.

Ni dai, in za a bar ni in zaɓa, na mawaƙiya Rosalía ya fi ratsa ni. 'Yar wannan yanki ce na Kataloniya. Kundinta na 2018, El Mal Querer, waƙa 11 ne, kowacce babi guda, ta gina su a kan wani labari na ƙarni na 13 game da miji mai baƙin kishi da ya kulle matarsa a hasumiya. Tun kafin ɗaurin aure ake bin matar har zuwa babin ƙarshe, inda take cewa ba namijin da za ta yarda ya yanke mata hukunci, Allah kaɗai ke da wannan. Mai habaici har yanzu tana leƙen ko ya ji zafi. Wannan kuwa da Mahaliccinta take magana.

Jiya muna ninke zannuwan gado abokiyar tawa ta tambaye ni me ake ce wa mace irinta a garinmu. Na ce bazawara. Ta maimaita sau uku, ta ce kalmar na da daɗi a baki, sannan ta ce yabo ne ko zagi? Na ce ya danganta da bakin da ya faɗa. Ta ce to me ake gaya mata kafin ta fito? Na ce "ki yi haƙuri". Tana cikin tambayar sau nawa ake faɗa, sai ga shugabar aiki ta leƙo, ta ce mu rage ƙarar waya.

A gaida kowa da kowa.

Taku,
'Yar'uwarku a Sifaniya