Daga Nemiya zuwa Lerna, a kan sawun Herakilis

Na bar birnin Atina da sanyin safiya a cikin motar haya, kuma bayan tafiyar kamar awa ɗaya muka haye gadar mashigin Korinti, wanda aka buɗe a 1893, muka shiga yankin Felofonis. Abin da ya kai ni shi ne ganin wuraren da tsoffin Girkawa suka ce gwarzonsu Herakilis ya fara ayyukansa goma sha biyu.

Labarin da masifa ya soma. A tatsuniyarsu, allahiya Hera ce ta jefa masa hauka har ya kashe 'ya'yansa da hannunsa, da ya dawo hayyacinsa kuwa sai ya nufi Delfi, wurin duban Girkawa, neman mafita, aka umurce shi da ya yi wa sarki Yuristiyos bauta domin kankare laifin. Ashe ƙarfin da ake yaba masa a wajen biyan bashin jini ya ƙare, kuma wannan ne ya fi tsaya mini a rai tsawon tafiyar.

Nemiya kwari ne mai faɗi da gonakin inabi suka lulluɓe. A tsakiyarsa akwai kufan ɗakin bautar Ziyus, babban abin bautar Girkawa, na wajen shekara 330 kafin haihuwar Annabi Isa, inda ginshiƙai uku suka tsaya tun wancan zamani ba su faɗi ba. Na dafa ɗaya daga cikinsu, na ji dutsen ya ɗauki zafin rana. A duwatsun da suka kewaye kwarin ne aka ce zakin da kibiya ba ta huda fatarsa yake, wanda kashe shi ne aikin farko da sarkin ya ba Herakilis. Herakilis ya shaƙe shi da hannu, ya feɗe shi da faratan zakin, ya mai da fatar sulke.

Da azahar muka isa Lerna, kusa da ƙauyen Mili a bakin teku. Wurin ƙarami ne, ruwa yana ɓulɓulowa daga ƙasa yana ratsa dogayen ciyayin fadama, kuma da na tsaya a gefensa na fahimci dalilin da ya sa tsoffin Girkawa suka ajiye macijinsu mai kai tara a nan, wanda kashe shi ne aiki na biyu. Duk kan da aka sare, biyu ne suke fitowa a madadinsa, har sai da Iyolawos, ɗan ɗan'uwan Herakilis, ya riƙa ƙona kututturen da bakin wuta. Yuristiyos ya ƙi lissafa wannan aikin saboda an taimaka masa, daga baya kuma ya soke na share garken sarki Awgiyas, shi ya sa ayyuka goman da aka ɗora masa tun farko suka koma goma sha biyu. Wannan zalunci ya sosa mini rai ƙwarai.

Kafin magariba na hau ganuwar tsohon birnin Tirinis, mai manyan duwatsun da Girkawa suka ce ƙattai masu ido ɗaya ne suka jera su. Wasu ruwayoyi sun ce a nan Yuristiyos yake mulki, shi da ya sa aka binne masa randar tagulla yana ɓuya a ciki duk ranar da Herakilis ya dawo da dodo a kafaɗa.