Glee: shirin da ya dinga manta jiya

Karaya ce ta zaunar da ni. Santsi ya kwashe ni a bakin rijiyar gidanmu da damina, ƙashin ƙafar hagu ya tsage, aka ɗora, aka ce kada in taka sai bayan mako bakwai. Kwana uku ina kallon silin, a na huɗu na ce wa ƙanwata ta buɗe akwatina na jami'a ta ɗauko min faya-fayan Glee. Zango uku na farko nake da su, sauran ukun ita ta samo min.

Ba kewar shirin kaɗai ta sa ni ba. A lokacin ina rubuta wa wani furodusa shiri mai dogon zango a kan 'yan matan makarantar kwana, kuma akwai waƙoƙi a ciki. Na tuna yadda muka taɓa haukacewa a kan Glee a ɗakin kwananmu, mu shida a gaban kwamfuta ɗaya, na kuma tuna cewa a tsakiyar zango na uku na daina kallo ba tare da na san dalili ba. Haka kawai ya fita raina. Sai na ce tunda ga lokaci Allah ya kawo, bari in bi sawu in ga inda gizo ya yi saƙar.

Ga wanda bai san shi ba, tashar Fox ta Amurka ce ta nuna shi daga Mayun 2009 zuwa Maris na 2015, zango 6, kashi 121. Mutum uku suka ƙirƙiro shi: Ryan Murphy da Brad Falchuk da Ian Brennan. Labarin wata sakandare ce a garin Lima na jihar Ohio, inda malamin Sifaniyanci, Will Schuester, ya karɓi ƙungiyar waƙa da ta mutu, ya tara yaran da kowa ya raina, waɗanda ake watsa wa lemo mai ƙanƙara a fuska a farfajiyar makaranta. Abokiyar gabarsa Sue Sylvester ce, mai horar da 'yan matan da ke tsalle-tsalle a gefen filin ƙwallo. Shirin Amurkawa ne da rayuwarsu, akwai abubuwa da yawa a ciki da ba zan kunna a falo gaban Umma ba. Ni dai rubutun na je dubawa.

Na sa aka sayo min littafi mai layi, na raba kowane shafi gida uku. Gida na farko: me wannan mutum yake so? Na biyu: me ya rasa wajen nemansa? Na uku: a kashi na gaba, an tuna? Shi ke nan.

Kashi 13 na farko, gida na uku cike yake da "eh". A kashin farko ma, Will ya riga ya ajiye aiki saboda matarsa ta ce tana da ciki kuma albashin malami ba zai riƙe su ba. Yana hanyar fita sai ya jiyo sauti daga babban ɗakin taro. Yara shida cikin jajayen riguna, ɗaya a keken guragu da jita a cinya, suna rera wata tsohuwar waƙar 1981 su kaɗai, ba malami, ba 'yan kallo. Ya tsaya daga baya yana kallo, ya fasa tafiya. Cire waƙar nan, labarin ya rushe, don ita ce ta juya mutumin.

Wanda ya fi burge ni shi ne maganar katifa. Yaran sun yi wa wani shago tallar katifu, aka biya su da katifu. A daren ne Will ya gano cikin matarsa na ƙarya ne, matashi take ɗaurawa. Ya tsare ta a kicin, ya ɗaga rigar, ya fizge matashin. Babu kiɗa, babu waƙa, sai numfashinsu. Ya bar gidan, ya je makaranta, ya ɓare ledar katifa ɗaya ya kwana a kai. Da gari ya waye ta zama an karɓi kuɗin waƙa ke nan, abin da dokar gasa ta hana, kuma katifar da aka kwana a kai ba ta mayuwa. Don kada a kori yaran, shi ya ɗauki laifin, aka hana shi raka su gasarsu ta farko. Dubi yadda ƙaryar mace ɗaya da aka shuka tun farkon zango ta zagayo ta hana malami zuwa gasa. Kowane abu yana jan na bayansa kamar jerin raƙuma. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan shafi.

Daga baya na lura da dalilin. Waɗannan 13 an rubuta su an ɗauke su tun duniya ba ta san shirin zai karɓu ba. Marubutan ba su da tabbacin za a ƙara musu ko kashi ɗaya, shi ya sa suka ɗaure labarin tamau. Sai shiri ya fashe. Waƙoƙin suka shiga kasuwa a iTunes, duk mako ana saye, a Janairun 2010 suka ɗauki kyautar Golden Globe ta finafinai da shirye-shiryen talabijin. Da suka dawo a Afrilu, a kashi na biyu da dawowar, sai ga shiri sukutum na waƙoƙin Madonna. Ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba, har na maimaita shi. Amma a nan ne karo na farko da na kasa cike gida na farko. Me yaran suke so? Ba komai. Malam ne ya ce wannan makon na Madonna ne.

Daga nan allo ya karɓe ragamar shirin. Will zai shigo aji, ya rubuta kalma ɗaya a farin allo, ya ce ga aikin wannan mako. Sai kowa ya wayi gari da matsalar da ta dace da kalmar. A zango na biyu aka zo makon Britney Spears, aka rasa hanyar da yaran za su rera waƙoƙinta, sai aka tura su wajen likitan haƙori ɗaya bayan ɗaya, maganin kashe zafi ya bugar da su, suna mafarkin bidiyoyinta. Ƙanwata ta kwashe da dariya ta ce, "Yaya, wato haƙorin kowa sai da ya jira makon nan ya ruɓe?"

Ta fuskar kasuwa ba su yi asara ba. A Fabrairun 2011 sun wuce mawaƙi Elvis Presley a yawan waƙoƙin da suka shiga jerin ɗari na Billboard, wato jerin waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka, kafin a gama shirin sun kai 207. Kashin da aka nuna bayan wasan Super Bowl na shekarar, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, ya samu masu kallo sama da miliyan 26. Wa zai ce wa mai irin wannan ciniki ya rage waƙa ya gyara labari?

Sue ce ta fi ba ni haushi, don ita aka fi zalunta. Tana da yaya mai larurar Down, Jean, wadda take ziyarta a gidan kula da masu buƙata ta musamman, tana karanta mata littafi. Nan kaɗai ake ganin Sue ba ƙaya a bakinta. Ana saura kashi ɗaya a rufe zango na biyu Jean ta rasu. Yaran da Sue ta shekara biyu tana gallaza wa su suka shirya jana'izar. Ta tashi karanta ta'aziyya, murya ta sarƙe, Will ya karɓi takardar ya ƙarasa mata. Na yi kuka, da ƙafata a kan matashi. Bayan nan ta ce ta daina yaƙar ƙungiyar, za ta tsaya takarar majalisa saboda tsadar kula da marasa lafiya irin yayarta. Aka buɗe zango na uku, sai ga Sue a talabijin tana kamfen cewa za ta soke kuɗin koyar da waƙa da wasan kwaikwayo a makarantu.

"Yaya, ba shekaranjiya ta tuba ba?"

"Tuban muzuru," na ce mata.

Amma ba muzuru ba ce, ita da gaske ta yi. Marubutan ne suke buƙatar muguwa ranar Talata, ranar da ake nuna shirin, suka mai da ita inda suka ɗauko ta. Jane Lynch da ta fito a matsayin Sue ta ci kyautar talabijin ta Emmy a 2010, kuma ta cancanta, sai dai an dinga ba ta mutum biyu ta zama, ba gada tsakaninsu. Wannan ita ce matar da aka sa ta auri kanta da kanta a wani kashi, a kashin ƙarshe kuma aka nuna ta zama mataimakiyar shugaban Amurka.

Quinn kuwa, ɗaya daga cikin 'yan matan ƙungiyar, shafinta ya koma abin tausayi. Ta haihu a ƙarshen zango na farko ta ba da jaririyar riƙo, zango na biyu kusan kaf ba ta ambaci yarinyar ba, hankalinta na kan sarautar bikin makaranta. Zango na uku ta rina gashi ruwan hoda tana ƙulla makircin ƙwato 'yarta, sai ta shiryu ta samu gurbi a jami'ar Yale, sai mota ta buge ta tana rubuta saƙo a waya, sai keken guragu, bayan 'yan makonni sai ga ta tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa zango guda. An yi su duka, ba wanda ya bar mata tabo.

Da na ɗauka ƙarancin hannu ne. Kashi 44 na zango biyun farko mutum ukun nan ne kaɗai suka rubuta, aikin da a Amurka ɗaki guda na marubuta ke yi. Amma a zango na uku sun ɗauki ƙarin marubuta shida, kuma littafina bai nuna wani sauƙi mai ɗorewa ba. A daidai lokacin, Oktoban 2011, Murphy da Falchuk suka fara wani shirin na ban tsoro, hankali ya rabu. Ga kuma gasar talabijin da aka buɗe wadda ladanta shi ne fitowa a Glee, dole a ƙirƙiro wa wanda ya ci gurbi ko labari na buƙatarsa ko ba ya buƙata.

Zango na huɗu zan wuce shi da sauri, kamar yadda na yi wajen kallo. Manyan yaran sun gama makaranta, shiri ya rabu biyu tsakanin Lima da New York, aka kawo sababbin yara da aka yanka da almakashin tsofaffin. Aka shekara ɗaya da rabi ana roƙonmu mu so su, a zango na shida aka ce an sauya musu makaranta, ɗaya kawai aka bari.

Dole in yi adalci a wuri ɗaya. Cory Monteith, wanda ya fito a matsayin Finn, jagoran samarin ƙungiyar, ya rasu ranar 13 ga Yulin 2013 a Vancouver yana da shekara 31. Murphy ya faɗa daga baya cewa ƙarshen da ya tsara shi ne Rachel, tauraruwar ƙungiyar kuma masoyiyar Finn, ta dawo gida wajensa. Wannan rashi ba marubucin da zai iya ɗinke shi. Kashin da suka yi na makokinsa yana cikin mafi kyau, musamman inda mahaifiyarsa take zaune a ƙasa tana raba kayansa cikin kwalaye. Sai dai shafukana sun nuna ɓarakar ta girmi mutuwar da shekara uku. Kuma ba mutuwar ce ta sa Rachel, wadda tun kashin farko ba ta da buri sai dandalin wasan kwaikwayo na Broadway a New York, ta samu babban matsayi a can, a kashi na gaba ta fara neman hanyar gudu zuwa talabijin ba. Ranar da aka rufe shirin masu kallo ba su kai miliyan 3 ba.

A mako na shida na ajiye Glee na ɗauko nawa rubutun, na yi masa gida ukun nan. Kunya ta kama ni. A kashi na huɗu mahaifin jarumata ya cire ta daga makaranta, an yi kuka an yi rantsuwa. A kashi na shida ga ta a bikin yaye ɗalibai tana waƙa cikin ƙawayenta, ba wanda ya tambayi yadda ta dawo. Na san yadda aka yi. Furodusan ya riga ya sayi waƙoƙi huɗu a hannun mawaƙi tun ban gama labarin ba, ya turo min ta waya ya ce, "Malama, ki nemo musu wuri." Ɗaya ta biki ce, ni kuma na nemo mata biki. Allon Will ne sak, sai dai nawa a WhatsApp yake.

Abu biyu na yi. Na buɗe wa kowane mutum a labarin shafinsa, na kira shi shafin bashi: duk abin da ya same shi, duk alkawarin da ya ɗauka, sai na rubuta, kuma ba na fara sabon kashi sai na karanta wa kowa bashinsa. Sannan na gwada kowace waƙa da gwajin ɗakin taron nan, in cire ta in ga ko labarin zai tsaya da ƙafarsa. Uku suka fita labari bai ko girgiza ba. Na kira furodusan na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce kuɗi ya biya, kuma waƙa ce ke kawo masu kallo a YouTube. Ban musa ba, Glee ma ta ci wannan kasuwa. Muka yi ta ja har muka tsaya a kan biyu. Ta bikin na mai da ita kashi na tara, bayan gwaggon yarinyar ta sayar da tunkiyarta ta je ta durƙusa gaban uban, kuma yarinyar ba ta cikin masu rerawa, tana bakin taga tana jin ƙawayenta.

Ranar da aka kwance min ɗori na miƙa wa ƙanwata kashi na bakwai da na takwas ta karanta. Tana kwance a kan tabarma tana juya shafi, can ta ɗago.

"Yaya, ita shugabar ɗaliban nan ba ta ce sai ta kai ƙarar mai gadi ba? Ina maganar ta kwana?"

Na duba shafin bashinta. Ban rubuta ba. Na ce ta miƙo min biro.