Ki buɗe bakinsa, ki duba harshe

Ɗana na fari yana da shekara 1 da wata 4 lokacin da na fara ganin leɓensa ya sauya. Da safe ne, cikin hunturun Janairu, muna zaune a Mabera gidan surukaina. Ya tashi daga barci da kuka, na yi masa wanka, ina tsane shi sai na ga cinyoyinsa sun yi roɗi-roɗi kamar an shimfiɗa masa raga, leɓen kuma ya yi toka-toka da ɗan shuɗi, kamar ya tsotsi tsumman da aka rina da shuni. Numfashinsa na fita da sauri, jikinsa ya saki. Kafin in gama salati ya fara dawowa.

Inna, uwar mijina, ta leƙo ta ce, "Ɗari na, ɗiyata. Wa ka yi ma yaro wanka da sahe cikin wanga ɗari? Shafa mai man shanu ki goya shi." Na yi yadda ta ce. Maganarta ba ta rasa tushe ba, domin sanyi kan sa fatar yaro ta yi dabbare-dabbare, hannu da ƙafa su yi duhu, da ya ji ɗumi kuma sai su koma daidai. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne sanyi ba ya rina harshe. Da na buɗe bakinsa ranar na duba harshe da dasashi, da na gane abin ya wuce ɗari.

Ƙannena, kuskurena na farko kunya ce. Ɗan fari ne, ba na kiran sunansa, ba na ɗaukarsa a gaban manya, to ta yaya zan tsaya tsakar gida in ce hankalina bai kwanta ba, a kai shi asibiti? Sai a ce yarinya ba ta da alkunya. Na haɗiye maganar. Hunturu ya wuce, zafin Afrilu ya shigo, irin wanda ko tabarma ba ta zaunuwa, abin bai daina ba. Sai aka sauya wa abin suna. Aka ce zuciya ce, "irin ta ubanai", yana shiɗewa ne don an hana shi abu. Aka yi tofi, aka yi hayaƙi, aka karɓo maganin mura a kemis har sau uku. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba, har yau ina yi masa. Laifina shi ne na bar ta ita kaɗai, alhali ana iya yin ta a cikin keke napep a hanyar asibiti.

Shiɗewar kuka gaskiya ce, tana samun yara daga wata 6 zuwa wajen shekara 6. Yaro ya ji haushi ko zafi, ya tsandara kuka, numfashi ya tsaya, ya yi duhu, wani har ya sume, cikin ƙasa da minti 1 ya farfaɗo. Yawanci tana wucewa da girma, wani lokaci kuma ƙarancin jini ne ke ƙara ta. Amma likita ne zai ce ita ce, bayan ya saurari ƙirji. Nawa ɗan ba tsayawa numfashinsa ke yi ba, ƙaruwa yake yi, yana zurfi. Wannan bambancin na gani da idona sau da yawa ban san yana da ma'ana ba.

Abin da ya fi ci mini rai har yau shi ne tsugunno. Da ya fara tafiya sosai, in ya bi yara da gudu daga zaure zuwa bakin rijiya, sai ya tsaya ya tsuguna, gwiwa a ƙirji, yana haki. Nakan daka masa tsawa in ce ya tashi, raggo. Ashe magani yake yi wa kansa. Likitan yara a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ne ya bayyana mini, bayan an yi hoton zuciya. An haife shi da lahani huɗu a zuciya, ciwon da ke ɗauke da sunan Fallot, likitan Faransa da ya yi bayaninsa a 1888. Daga cikinsu akwai huda tsakanin ɗakunan zuciya biyu na ƙasa, hanyar da jini ke bi zuwa huhu kuma ta ƙuntata, don haka jinin da bai ɗauki iskar oksijin ba yana zagayawa jiki. Tsugunno yana matse jijiyoyin ƙafafu, sai jini ya fi karkata zuwa huhu. Likitan ya kama yatsun yaron ya nuna mini kawunansu sun yi kauri, faratan sun lanƙwasa kamar bayan cokali. Ni da ke yanke masa farce duk Juma'a ban lura ba. Da aka maƙala masa ƴar na'urar nan mai auna oksijin na jini a yatsa, lambar ta tsaya ƙasa da 90, alhali ta mai lafiya daga 95 take zuwa sama.

Kada ki ce tunda naki ba ciwon zuciya ba ne shi ke nan. Kusan jariri 1 cikin 100 ake haifa da wani lahani a zuciya, amma abin da ya fi yawan rina leɓen yara a wurinmu limoniya ce, wato ciwon huhu, musamman lokacin ƙura da sanyi. Ki ɗaga rigarsa yana kwance shiru, ki ƙirga numfashi na minti 1 cif da agogon waya. In ya kai 50 ga ɗan wata 2 zuwa shekara 1, ko 40 ga ɗan shekara 1 zuwa 5, ya yi sauri. In ƙasan haƙarƙari na lotsawa duk jan numfashi, ko ya ƙi nono da ruwa, ko yana aman komai, ko jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ba a jiran gari ya waye. Haka nan zazzaɓi mai zafi tare da fata roɗi-roɗi da hannu da ƙafa masu sanyi, wannan yana iya zama cuta ta shiga jini. Yaron da ke wasa lafiya lau kuma nan take ya sarƙe ya yi duhu, ki tuna da gyaɗa ko gurjiya a maƙogwaro.

Fatarmu tana ɓoye shuɗi, shi ya sa ake kallon harshe, dasashi, cikin leɓe da ƙarƙashin farce, a hasken rana ba a ɗaki mai duhu ba.

Wani kuskuren na ƙara yi da muka fara zuwa wani ƙaramin asibiti. Muna isa yaron ya warware, yana ta wasa da mayafina, aka tambaye ni me ke damunsa, na ce "yana dai yin wani iri". Aka ba mu maganin tari muka dawo. Wata 5 muka yi asara a kan wannan amsar. In abin ya taso, ki sa wani ya ɗauki bidiyo yayin da kike riƙe da yaron. Ki riƙe abin da yake yi kafin ya fara, barci ne, kuka ne, cin abinci ne ko bayan gida, da minti nawa ya ɗauka, da ko harshen ya sauya. Kada a kwara masa ruwa, kada a ɗura masa komai, kada a cusa cokali a baki. Ga mai ciwo irin na ɗana, an koya mini in rungume shi, in naɗe gwiwoyinsa zuwa ƙirji, in lallashe shi, in bai dawo nan da nan ba mu kama hanya.

Maigida ma sai da na nuna masa bidiyon kafin ya bar cewa ina da tsoro. Ya kalla sau biyu bai ce komai ba, ya ɗauko makullin babur.

An yi wa yaron aiki yana da shekara 3 a wani asibiti nesa da gida, bayan an sayar da gona da ƴan awakina, dangi suka cika sauran. Inna ce ta zauna da ƙanwarsa har muka dawo. Yanzu yana aji 4 a firamare, muna kai shi a duba zuciyar duk lokacin da aka rubuta mana, kuma da ƙafa yake zuwa Islamiyya ba ya tsugunawa a hanya.