Zuwa ga 'Yan'uwa a Kaltungo: Ayar da Ta Riƙe Mini Hannu

'Yan'uwana cikin Almasihu, gaisuwa mai yawa daga Ingila. Yaya gida, yaya hunturu? Nan ƙarfe 4 na yamma duhu ya riga ya rufe gari.

Akwai abin da ya same ni da nake so ku ji daga bakina. Aikina a nan kula da tsofaffi ne a gidajensu. Akwai wata tsohuwa da nake yi wa wanka da abinci. Mantuwa ta kama ta, ko sunan ɗanta wani lokaci sai ta laluba. A kicin ɗinta akwai gwangwanin biskit da take cusa kuɗi a ciki. Wata safiya na buɗe shi ina neman abin da zan haɗa mata da shayi, sai ga takardun fam ashirin-ashirin a dunƙule. A daren da ya gabata kuwa ƙanena ya kira daga Gombe, Mama tana kwance a asibiti, ana jiran kuɗin magani, albashina kuma saura kwana 9.

Da a ce zuciyata cewa ta yi "ki sata", da na yi tir nan take. Aya ta kawo mini: 1 Timoti 5:8, wanda bai kula da danginsa ba ya fi marar bangaskiya muni. Aya ce ta gaskiya, ba ƙari a cikinta. Na tsaya da murfin a hannu, gumi yana karyo mini cikin wannan sanyi.

Daga baya na gane ba a kaina aka fara ba. A Matiyu 4, bayan Yesu ya yi azumin kwana 40, Shaiɗan ya kai shi kan ƙololuwar Haikali ya ce ya dira ƙasa, ya janyo masa Zabura 91, wai mala'iku za su tallafe shi. Ubangiji bai tsaya jayayya ba, ya ce "A rubuce yake." Sau uku aka gwada shi, amsoshinsa uku duka daga littafi ɗaya suka fito, Maimaitawar Shari'a, sura 6 da 8, wanda tsohon Littafi Mai Tsarki na Kaka, fassarar 1932, yake kira Kubawar Shari'a. Ba naɗaɗɗen littafi ya buɗe a jeji ba. A ka yake da su.

Ni ma wayata tana aljihu, da Littafi Mai Tsarki sukutum a ciki, amma a wannan minti ko tunawa da ita ban yi ba. Abin da ya zo shi ne muryar malamar makarantar Lahadi a cocinmu na ECWA, muna zaune kan benci ƙafafunmu ba sa taɓa ƙasa, tana sa mu maimaita Ibraniyawa 13:5: kada ku zama masu son kuɗi, gama Allah ya ce ba zai bar ka ba, ba kuwa zai yashe ka ba. Na faɗe ta a fili, da Hausa, a kicin ɗin Baturiya. Na mayar da murfin, na kira ɗanta na gaya masa inda kuɗin yake.

Shi ya sa raina ya ɓaci da na ji wasu iyaye sun daina matsa wa yara haddar aya, wai ai komai yana waya. Iyayena na Zumuntar Mata ta coci, don Allah kada ku bari wannan ya mutu a hannunku. Yaran nan wata rana za su tsinci kansu inda ba fasto, ba dattijo, ba wanda ya san sunan babansu.

Kuɗin maganin, wata 'yar'uwa 'yar Billiri da muke sujada tare ta ranta mini rabi, har yanzu ina biya. Mama ta koma gida, tana takawa da sanda. Wanda ya bi ta unguwarmu ya leƙa ta, ya karanta mata Zabura 121, idanunta sun yi rauni yanzu.

Taku cikin Ubangiji,
'Yar'uwarku a Ingila