Asabar a teburin Traveller

Yau ma na je wasanmu na Traveller, kamar yadda muka saba yi sau biyu a wata tun da aiki ya kawo ni wannan gari na arewacin Ingila, sai dai rabin zaman bai tafi a wasa ba, ya tafi ne a gardama kan littattafan da kowa yake fatan a buga nan gaba. Ina so in rubuta abin da aka faɗa tun yana da ɗumi, domin gardamar ce ta sa na kama bakin zaren wani abu da ya daɗe yana damuna game da wasan.

Ga wanda bai san shi ba, wasa ne na labarin tafiye-tafiye tsakanin taurari da ake yi a zaune a teburi da takarda da fensir da dayis biyu irin na ludo. Mutum ɗaya shi ne alƙalin wasa, shi yake bayyana inda muke da abin da ya same mu, sauran kuma kowa yana riƙe da mutum guda a cikin labarin, yana faɗin abin da mutumin nasa zai yi. Idan abu yana da haɗari sai a jefa dayis, kuma a mafi yawan lokuta takwas ko sama da haka ake nema. Marc Miller ne ya tsara shi, kamfanin GDW na jihar Illinois a Amurka ya fitar da shi a 1977 cikin ƙananan littattafai uku masu baƙin bango. Tun 2008 kamfanin Mongoose na garin Swindon a nan Ingila yake buga nasa, kuma bugu na biyu da ya fito a 2016 shi muke amfani da shi.

Mu biyar ne. Mai masaukinmu dattijo ne da ya yi ritaya, wanda ya sayi baƙaƙen littattafan nan tun yana ɗan makaranta, kuma har yau suna nan a kantarsa duk sun sha hannu. Akwai wata ma'aikaciyar jinya da take riƙe da matuƙin kumbonmu, akwai wani ɗalibi da yake riƙe da injiniyan kumbon, sai alƙalin wasa, sai ni da nake dillalin kaya a wasan. Kumbon namu irin ƙaramin nan ne na 'yan kasuwa mai tan 200, wanda ba ya iya tsalle, wato tafiya daga tauraro zuwa tauraro, fiye da fasek ɗaya (ma'aunin nisa tsakanin taurari) a lokaci guda, kuma muna yawo da shi a yankin Spinward Marches, can bakin iyakar Daula ta Uku, babbar masarautar taurari ta cikin labarin.

Abin da ya tayar da maganar ƙarami ne. Mun sauka a wata duniyar noma ɗauke da kayan injuna da muka zuba kusan duk jarinmu a kansu, bayan mako guda a cikin tsalle da wata ɗaya muna lissafin yadda za mu biya banki. Na jefa dayis na sami mai saye, na sake jefa uku na farashi, alƙali ya duba jadawali ya faɗi kaso nawa cikin ɗari aka taya, muka ci riba kaɗan, shi ke nan an gama. Cinikin da rayuwar mutum huɗu ta rataya a kansa bai kai minti biyu ba, alhali wani faɗa da muka yi da 'yan fashi a zaman da ya wuce ya cinye mana fiye da awa ɗaya. Na faɗi haka cikin raha, sai ɗalibin ya ce ai shi ya sa ya kamata mu sayar da wannan akwalar mu shiga aikin soja, daga nan kuma aka ajiye fensir, mai masauki ya ɗora shayi, kowa ya fara zayyana abin da zai saya gobe da a ce za a buga.

Ɗalibin yana son manyan jiragen yaƙi, da taswirar cikin kowane jirgi a babbar takarda wadda za a shimfiɗa a teburi a ɗora 'yan mutum-mutumi a kai. Yana kuma son manhajar waya ta hukuma da za ta riƙa yi masa lissafin ƙera kumbo, domin a cewarsa ya gaji da kwana yana tara tan-tan na mai da na injin daga littafin High Guard, sai ya kai ƙarshe ya tarar ya manta da ɗakin ma'aikata. Burinsa mafi girma shi ne a ba da labarin Yaƙin Iyaka na Biyar gaba ɗaya daga ɓangaren Zhodani, mutanen nan masu karanta zuciya waɗanda 'yan Daula suke ɗauka a matsayin dodo, domin yana ganin al'ummar da ba a iya yin ƙarya a cikinta ta fi kowace ban sha'awa. A wannan na ƙarshen na goyi bayansa.

Ma'aikaciyar jinyar ba ta ja magana ba. Ta ce aikin dare ba ya barin ta ta yi alkawarin shekara biyu ga labari ɗaya irin Pirates of Drinax, saboda haka abin da take so shi ne tarin gajerun labarai da za a fara a gama cikin awa uku, kowanne a shafi huɗu, yadda ko wani bai zo ba za a iya yi. Babu wanda ya musa mata.

Inda aka yi zafi shi ne batun zamani. Labarin da ake bugawa yanzu yana farawa ne a shekara ta 1105 ta lissafin Daula, kuma ɗalibin yana so a tura shi gaba a ga abin da zai biyo baya. Mai masaukinmu ya ajiye kofinsa ya ce an taɓa yin haka yana raye. A MegaTraveller na 1987 aka harbe Sarki Strephon a shekara ta 1116, Daula ta tsage gida-gida, sannan a The New Era na 1993 aka saki wata ƙwayar cutar kwamfuta mai rai ta rushe abin da ya rage, ya wayi gari duniyoyin da ya yi shekara goma yana zana musu taswira sun zama kufai. Ya ce bai sake sayen littafi ba sai da GURPS Traveller ya fito a 1998 da labarin da ba a kashe sarkin ba. Na lura muryarsa ta canza yana wannan magana, kamar mai ba da labarin unguwarsu da aka rushe. Abin da yake so shi kaɗan ne: wasan zai cika shekara hamsin a 2027, to a yi akwati ƙarami mai littattafai uku da za su shiga aljihun riga, da dokokin yanzu, ba tare da zane mai launi ba, domin shi a ganinsa farin shafi ya fi barin wa mai karatu wurin yin nasa tunanin. Alƙalinmu kuma, wanda shi ne yake ɗaukar jakar littattafai a bas, ya ce shi a ba shi fihirisa guda ɗaya da ta haɗa dukkan littattafan, ya yafe sauran.

Da aka zo kaina sai na tsaya inda-inda, domin abin da nake so ba shi da suna a kasuwar. Na ce ina son littafin ciniki, mai masauki ya miƙe ya ɗauko mini Merchant Prince na 1985 da Far Trader na GURPS, ya ce ga su nan an yi. Na duba su, kuma na biyun musamman yana nuna yadda za a ƙiyasta yawan kayan da ke gudana tsakanin duniya da duniya. Amma ni ba yawan kaya nake nema ba, mutanen da ke tsakanin kaya da kuɗi nake nema.

Ga dalilina. Ginshiƙin wannan wasa shi ne cewa babu saƙon da ya fi kumbo sauri. Kowane tsalle yana cin kusan mako guda, ko fasek ɗaya ne ko shida, kuma hatta jiragen wasiƙa na Daula fasek huɗu suke yi a tsalle, saboda haka labari daga fadar sarki yakan yi watanni kafin ya iso Regina, wata babbar duniya a yankin da muke yawo. Ma'anar wannan ita ce ɗan kasuwa yana sauka a tasha ne bai san farashin yau ba, bai san wanda ya karye ba, ba shi da hanyar tambayar gida, kuma wanda zai saya a hannunsa ya san cewa nan da kwana bakwai baƙon zai tashi, wataƙila ba zai dawo ba sai baɗi. A irin wannan hali jadawalin farashi ba ya sayar da kaya. Dole a sami wani zaunanne a garin wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi. Ina cikin bayani sai na ji kaina ina kwatanta musu fataucin goro na Gwanja, yadda ayari yakan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu ya yi watanni kafin ya kai Salaga, da madugu mai yanke shawara da sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin wucewa, da jagaba mai shiga gaba, da uwa uba fatoma, mai gidan da baƙo yake sauka, wanda zai ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan za a ba da bashi, ya kuma ci la'adarsa. Waɗannan mutane sun warware matsalar da wasan ya ƙirƙira wa kansa tun kafin a haifi wanda ya tsara shi, kuma ba da takardar kotu suka warware ta ba, da suna da amana da dangantakar da akan gada daga uba zuwa ɗa.

To littafin da nake fata shi ne wanda zai ba kowace tasha fatomanta, da halinsa da abokan gabarsa da abin da yake bin wani, ya sa sunan ɗan kasuwa ya zama abin da ake tarawa ake kuma asararsa kamar kuɗi, yadda idan ka ci amanar wani a duniya ɗaya labarin zai bi ka a hankali da saurin jiragen da suka taso bayanka, kana gudu yana biye. Ina kuma so a buɗe wata hanyar mallakar kumbo. A dokar yanzu banki yana karɓar kashi ɗaya cikin 240 na kuɗin jirgi kowane wata har shekara 40, wato biya 480, ka biya ninki biyu ke nan, kuma kusan duk labarin 'yan kasuwa a wasan daga tsoron wannan bashi yake tasowa. Ban ce a cire shi ba, domin yana tura mutane su karɓi aikin da bai kamata su karɓa ba, kuma nan daɗin yake. Amma a cikin duniyoyi dubbai ba zai yiwu a ce kowa da kuɗin ruwa yake ciniki ba. A sami inda attajiri zai ba ka jirgi da jari ka juya a raba riba, asara kuma ta hau kan dukiyarsa muddin ba sakacinka ba ne, sai rigimar ta koma kan abin da ya fi wuyar tabbatarwa: wa zai shaida abin da ya faru a nisan tsalle shida?

Ɗalibin ya ce wannan ba zai sayu ba, mutane bindiga suke so a bango, kuma mai yiwuwa gaskiyarsa ne. Alƙali dai ya yi shiru yana rubutu a gefen takardarsa, can ya ɗago ya ce tun farko wasan an yi shi ne don kowane teburi ya cike giɓinsa da kansa, saboda haka in daina jiran Swindon, in rubuto masa shafi biyu kafin Alhamis, zai gwada a tashar da za mu sauka gaba.

Bayan na dawo na yi sallar isha'i sai na kira Kawu a Kano, domin shi ne ya tashi a hannun kakanmu kuma ya fi kowa riƙe labaran fatake. Bayan gaisuwa na ce, "Kawu, idan baƙo ya karɓi kaya bashi ya gudu, wa yake biya?" Ya ce, "Mai gidansa mana, ai shi ya tsaya masa. Amma kai da kake aikin asibiti, me ya haɗa ka da fatauci?" Na yi masa bayanin wasan iya yadda zan iya, da ya ji an ambaci dayis sai ya katse ni ya ce, "Ɗana, ba dai caca ba ko?" Na rantse masa ko sisi ba a sakawa, ya yi dariya ya ce to manya da wasan yara, sannan ya shafe kusan minti ashirin yana ba ni labarin yadda mai gida yakan auna baƙo tun daga yadda ya sauke kayansa, da yadda ba a fara maganar farashi ranar da aka iso. Wannan na ƙarshen na rubuta shi nan take, domin doka ce da za ta shiga wasan kai tsaye: wanda ya nemi ciniki a ranar farko a rage masa biyu a dayis.

Yanzu ƙarfe ɗaya saura, na cika shafi ɗaya da rabi. Fatomar tawa tsohuwar Vargr ce, daga jinsin nan masu kama da kerkeci, tana da rumbuna uku a bayan tasha da wani ɗan'uwa da ya ja mata bashi. Abin da ya rage shi ne in yanke adadin makonnin da labarin cin amana zai ɗauka kafin ya riski kumbo mai tsalle ɗaya, kuma lissafin da na yi sau biyu yana nuna cewa jirgin wasiƙa zai riga mu isa ko'ina a kan babbar hanya. Gobe zan duba taswira in ga duniyoyi nawa ne a yankinmu da ba sa kan hanyarsa.